Ina Ƙorafin Mai Imel Yake Zuwa?

Adireshin imel ya shiga cikin abubuwan da harkar zamani ba ta yiwuwa sai da su, domin ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawar JAMB, da wanda ya kammala jami'a yake shirin tafiya hidimar ƙasa, da ma'aikacin da banki ke aiko wa bayanin shiga da fitar kuɗinsa, har ma da wanda ya sayi wayar Android yana son sauke manhajoji, dukansu sai sun mallaki akwatin saƙo a wurin wani kamfani irin su Google ko Microsoft ko Yahoo. Akwatin ba ya daɗewa da buɗewa sai saƙonnin da mai shi bai nema ba su fara kwararowa, wasu tallar kaya ce kawai, wasu alkawarin aiki ne ko tallafin karatu a ƙasar waje, wasu gargaɗin ƙarya ne cewa za a rufe asusun banki idan ba a sabunta lambar BVN ba, wasu kuma zagi ne ko barazana daga wanda ya ɓoye sunansa.

Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin ya tanadi maɓallin kai rahoto, amma wanda ya danna shi ba ya samun amsa, ba a kuma sanar da shi matakin da aka ɗauka, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar cewa bai da bambanci da goge saƙo. Rahoton yana aiki, sai dai da lissafi yake aikinsa, saboda haka yake da ƙarfi a kan saƙon da aka watsa wa dubban mutane, yake kuma da rauni ƙwarai a kan saƙon da mutum ɗaya ya rubuta domin cutar da mutum ɗaya.

Yadda sharar ta taru

Saƙonnin shara, wato waɗanda ake aikawa da yawa a lokaci guda ga mutanen da ba su nema ba, sun girmi intanet ɗin da aka sani a yau. A watan Mayun 1978 wani ma'aikacin sashen talla na kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation, mai suna Gary Thuerk, ya aika wa mutane kusan 400 gayyatar zuwa ganin sabbin na'urori ta hanyar ARPANET, wadda ita ce hanyar sadarwar da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, kuma waɗanda saƙon ya isa gare su suka yi ca da ƙorafi har masu kula da hanyar suka ja kunnen kamfanin.

Abin da ya sa harkar ta bunƙasa bayan intanet ya buɗe wa kowa shi ne araha, tun da mai aika wasiƙa ta gidan waya yana biyan kan sarki a kan kowace ambulan, mai aika imel kuwa kuɗin saƙo miliyan ɗaya bai fi na saƙo goma da wani abin kirki ba. A 2008 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya suka kutsa cikin wani garken kwamfutocin jama'a da 'yan damfara suka kama da muguwar manhaja suna aika saƙo da su, wanda ake kira Storm, suka gano cewa saƙonnin tallar magani kusan miliyan 350 sun haifar da ciniki 28 kacal. Duk da haka harkar ba ta mutu ba, saboda wutar lantarki da kwamfutocin da ake aikin da su na wasu ne.

Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM a ƙarshen 2003, wadda ta wajabta wa masu talla bayyana kansu da bai wa mai karɓa hanyar cire sunansa, kuma a watan Janairun 2004 Bill Gates ya yi hasashe a taron Dabos cewa za a kawo ƙarshen matsalar cikin shekara biyu. Hasashen bai tabbata ba, domin zuwa ƙarshen shekarun 2000 kamfanonin tsaron intanet suna ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na imel ɗin da ke yawo a duniya shara ce, ko da yake a 'yan shekarun nan ƙiyasin ya sauko zuwa wajen rabi.

Abin da ke faruwa bayan an danna

Rariyar farko da aka yi wa imel, wato manhajar da ke tace saƙo kafin ya shiga akwati, jerin kalmomi ne kawai da aka haramta, kuma masu aikawa ba su sha wahala ba wajen kauce mata ta hanyar sauya harafi ɗaya ko biyu. A 2002 masanin kwamfuta Paul Graham ya yaɗa wata dabara da ta dogara ga lissafin yiwuwa, inda rariya take koyo daga misalan da aka nuna mata, tana auna yawan fitowar kowace kalma a saƙon kirki da kuma a saƙon shara. Daga wannan lokaci ne rahoton mai amfani ya zama abinci ga na'ura, domin kowane saƙo da mutum ya ce shara ne ya zama sabon misali da za a koya daga gare shi.

Rariyar yau ta wuce duba kalmomi, tana duba tarihin mai aikawa. Kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da isar da saƙonni, tana da lambar IP da ake gane ta da ita a intanet, kowane adireshi kuma yana da sunan yanki, wato ɓangaren da ke zuwa bayan alamar @, kuma kamfanonin imel suna riƙe da lissafin yadda jama'a ke karɓar saƙonnin da suka fito daga kowace lamba da kowane suna. Idan ƙorafi ya yi yawa a kan wani mai aikawa sai darajarsa ta faɗi, a fara karkatar da saƙonsa zuwa jakar shara har ga waɗanda ba su taɓa yin ƙorafi ba, idan abin ya ci gaba kuma a ƙi karɓa tun daga ƙofa. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin dannawar mutum ɗaya ba ta rufe asusun kowa, amma dannawar mutum dubu cikin awa ɗaya tana iya dakatar da saƙon kafin ya kai ga sauran miliyoyin da aka nufa. Google na cewa yana tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na irin waɗannan saƙonni, kimanin biliyan 15 a kowace rana, ko da yake adadi ne da kamfanin ya bayar game da kansa.

Wani lokaci rahoton yana komawa ga mai aikawa ta wani tsari da ake kira zagayen martani, inda kamfanin da ya karɓi ƙorafi yake tura kwafinsa ga kamfanin da ya yi rajista a matsayin mai aika saƙo da yawa, domin ya cire wanda ya yi ƙorafin daga jerinsa. Yahoo da Microsoft suna yin haka, kuma tun 2010 akwai tsarin rubutu na bai ɗaya da na'urori ke musayar irin waɗannan rahotanni da shi, shi kuwa Google jimillar ƙorafi kawai yake nunawa ba tare da bayyana wanda ya yi ba. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka gindaya wa manyan masu aikawa sharuɗɗa, inda Google ya ce duk mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana ga masu Gmail dole ne ya tabbatar da asalinsa, ya sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, ya kuma kiyaye kada ƙorafi a kansa ya kai uku cikin dubu. Microsoft ya bi sahu da nasa sharuɗɗan a 2025.

Wannan ƙaramin adadi na uku cikin dubu yana nuna nauyin da rahoto ɗaya yake da shi, yana kuma nuna asarar da ke cikin gogewa kawai, wadda ba ta sanar da rariya cewa an yi laifi. Akwai kuma bambanci tsakanin rahoton shara da rahoton tarko, wato saƙon da ya yi shigar banki ko hukuma domin a yaudari mutum ya rubuta kalmar sirrinsa ko lambar katinsa a shafin bogi, domin irin wannan yana iya kaiwa ga sanya gargaɗi a kan shafin ko sauke shi baki ɗaya. Ita kuwa hanyar cire suna da ke ƙasan saƙo, tana da amfani idan mai aikawa kamfani ne da aka sani, amma a saƙon ɗan damfara tabbaci ce kawai gare shi cewa adireshin yana da rai.

Kai ƙara gidan mai aikawa

Maɓallin da ke cikin akwati yana sanar da kamfanin mai karɓa ne, wanda ikonsa bai wuce tare saƙo ba. Wanda ke da ikon rufe asusun mai laifi shi ne kamfanin da saƙon ya fito daga wurinsa, kuma tun 1997 wata takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 2142 ta tanadi cewa kowace cibiya ta buɗe adireshi mai farawa da abuse@ domin karɓar ƙorafin cin zarafi. Manyan kamfanoni sun ƙara da fom a shafukansu, wasu ma shi suka fi dubawa.

Matsalar ita ce gane gidan da za a kai ƙarar, domin tsarin aika imel da aka rubuta a 1982 bai tanadi wata hanyar tantance mai aikawa ba, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin da ke nuna daga wa saƙo ya fito. Gaskiyar tana cikin kan saƙo, wato wasu layukan bayani da manhaja ke ɓoyewa sai an zaɓi nuna asalin saƙon. Kamar yadda ambulan take ɗauke da tambarin kowane gidan waya da ta ratsa, haka kowace saba take ƙara layinta a saman na baya, tana rubuta lokaci da lambar IP ta wadda ta miƙo mata. Layukan sama su ne abin dogaro saboda kamfanin mai karɓa ne ya rubuta su, na can ƙasa kuwa mai aikawa yana iya ƙirƙirar su domin ya ɓatar da sawu. Daga baya an ƙaro matakan tantancewa guda uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke bai wa mai sunan yanki damar bayyana sabobin da ya yarda su yi aike da sunansa, ya sa wa saƙonsa hatimin lissafi, ya kuma faɗi abin da za a yi da saƙon da ya gaza, kuma sakamakon gwajin yana fitowa a kan saƙon.

Idan an samu lambar IP, ana neman mai ita a rajistar ɗaya daga cikin cibiyoyi biyar da ke raba lambobin a duniya, ta Afirka ita ce AFRINIC mai hedikwata a Morishus. Saboda haka ne hoton allo, wanda shi mutane suka fi saurin ɗauka, ba ya wadatar da ma'aikacin teburin ƙorafi, haka ma tura saƙon gaba ta hanyar da aka saba, wadda ke zubar da layukan asali. Abin da ke amfani shi ne a kwafe kan saƙon gaba ɗaya, ko a haɗa saƙon a matsayin maƙale, tare da gajeren bayani marar zafi.

Masu sa ido daga gefe

Tsakanin mai karɓa da mai aikawa akwai ƙungiyoyin da suka mayar da tattara ƙorafi sana'arsu. A 1998 aka kafa SpamCop, wadda ke karanta kan saƙo a madadin mutum ta aika ƙorafin inda ya dace, a shekarar kuma Steve Linford ya kafa Spamhaus a Landan, wadda ke wallafa jerin lambobin IP da aka kama da watsa shara, jerin da ɗimbin cibiyoyi ke dubawa kafin su karɓi saƙo. Wasu gwamnatoci ma sun shigo, kamar Birtaniya da ta buɗe adireshin karɓar rahoton saƙon tarko a watan Afrilun 2020, ta kuma samu miliyoyin rahotanni cikin shekarar farko.

Babban misalin abin da ƙorafi mai hujja zai iya yi ya faru a watan Nuwamban 2008, lokacin da ɗan jaridar Washington Post Brian Krebs da wasu masu bincike suka gabatar da shaida a kan McColo, wani kamfanin ajiye sabobi a Kalifoniya da ake sarrafa manyan garkunan kwamfutoci daga cikinsa. Kamfanonin da ke ba shi hanyar intanet suka yanke shi, nan take sharar duniya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kafin ta farfaɗo bayan 'yan watanni da masu ita suka koma wasu wurare. Akwai kuma misalin da ya ƙare da akasi, na kamfanin Blue Security na Isra'ila, wanda ya tsara wa mambobinsa aika buƙatar cire suna da yawa ga masu watsa shara, aka mayar masa da martani da harin da ya durƙusar da shafinsa, har ya rufe aikin a watan Mayun 2006.

Idan rahoto ya faɗa kan marar laifi

Masu aika saƙo na halal suna da nasu kukan. Mutum yakan yi rajistar karɓar labarai daga jarida ko shago da kansa, ya manta, ya ga saƙon bayan wata uku ya danna maɓallin shara saboda ya fi kusa da hannunsa, kuma na'ura ba ta bambanta wannan da ƙorafin gaskiya. Ƙaramar makaranta ko ƙungiyar agaji da ke haya a saba ɗaya da wasu ɗaruruwan masu haya tana iya wayar gari ta tarar saƙonta ba ya isa ko'ina saboda laifin maƙwabcin da ba ta sani ba, kuma neman a cire ta daga jerin masu watsa shara yakan ɗauki kwanaki na cike fom ba tare da ta yi magana da ɗan Adam ba.

Masu suka suna ganin wannan iko ya yi yawa a hannun kamfanoni kaɗan da ƙungiyoyin da ba wanda ya zaɓe su. Wani kamfanin talla na Amurka mai suna e360 ya kai Spamhaus kotu, ya samu hukuncin diyyar sama da dala miliyan 11 a 2006, amma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita dala uku a 2011. A 2022 uwar jam'iyyar Rifablikan ta ƙasa ta yi ƙarar Google bisa zargin jefa saƙonninta na neman gudummawa cikin shara, kotu kuma ta kori ƙarar. Hukuncin bai goge tambayar da ke ƙarƙashinsa ba, domin rariyar da ke koyo daga abin da mafi yawa suka ƙi tana iya danne abin da 'yan tsiraru suke so, kuma kamfanonin sun ƙi bayyana ma'auninsu dalla-dalla bisa hujjar cewa 'yan damfara ne za su fara amfana da bayanin, hujjar da ke da ƙarfi amma take kuma sauƙaƙa musu kauce wa bincike.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan hukunci na gama-gari tun zamanin shagunan intanet. Damfarar neman kuɗin gaba da alkawarin dukiya, wadda ta samo laƙabin 419 daga sashen kundin dokokin laifuka da ya haramta ta, ta fara ne da wasiƙa da fakis kafin ta koma imel, kuma ta sa wasu masu kula da sabobi a ƙasashen waje suka riƙa toshe lambobin IP na ƙasar a dunƙule, duk da cewa jerin ƙasashen da suka fi fitar da shara ta fuskar yawa ya daɗe yana ɗauke da Amurka da Sin da Rasha a sama. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da Microsoft a 2005 domin bin sawun masu wannan aika-aika.

Zagi da barazana

Duk wannan tsari an gina shi ne domin yawa, kuma a nan ne yake gazawa ga matar da tsohon mijinta ke aiko mata da barazana, ko ma'aikacin da wani ke neman kuɗi a wurinsa da barazanar tona masa asiri. Saƙo ne ɗaya zuwa akwati ɗaya, daga asusun Gmail ko Outlook na gaske wanda ya tsallake duk matakan tantancewa, babu taron masu ƙorafi da zai rage masa daraja. Idan da Hausa aka rubuta shi lamarin ya ƙara wuya, domin mafi yawan misalan da rariya ta koya daga gare su na manyan harsunan duniya ne, sannan cin mutunci a Hausa sau da yawa da habaici da gugar zana ake yin sa, babu kalmar ashar ko ɗaya da na'ura za ta kama.

Ya kamata a ware wani nau'i da ya yaɗu tun 2018, inda saƙo ke zuwa ɗauke da tsohuwar kalmar sirrin mutum, yana iƙirarin an ɗauki bidiyonsa a asirce, yana neman a biya da kuɗin kirifto. Kalmar sirrin daga tsofaffin bayanan da aka sace daga wasu shafuka take fitowa, saƙon kuma iri ɗaya ne ake watsa wa miliyoyi, saboda haka shara ce da ta yi shigar barazana, kuma maɓallin rahoto da sauya kalmar sirri sun ishe ta.

Ga barazanar gaske, abin da kamfani zai iya yi shi ne rufe asusun idan ya saɓa wa sharuɗɗan amfani, wanda ba ya hana mai shi buɗe sabo cikin minti biyar. Kamfanin ba zai faɗa wa mai ƙorafi ko wane ne mai asusun ba, ba zai kuma sanar da shi sakamakon bincike ba, domin dokokin sirri, ciki har da dokar Amurka ta 1986 kan bayanan sadarwa da aka adana, sun taƙaita abin da zai iya fitarwa ba tare da buƙatar hukuma ko umarnin kotu ba. Kan saƙon ma ba ya taimakawa sosai a nan, saboda saƙon da aka aika daga shafin Gmail lambar sabar Google yake nunawa a madadin ta mai aikawa. Wannan kariya ita ce ke hana azzalumi gano mai fallasa shi, kuma ita ce dai ke ɓoye mai cin zarafi.

Hanyar da ta rage ta hukuma ce. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tsangwama da barazana ta kwamfuta a sashe na 24, sai dai faɗin kalmomin sashen ya sa aka riƙa amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024. Nijar ta yi tata dokar a 2019, Gana kuma a 2020. Rundunar 'yan sandan Najeriya tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, kuma shigar ƙasar cikin Yarjejeniyar Budafes kan laifukan intanet a 2022 ta ba ta hanyar neman a adana bayanai da miƙa su daga ƙasashen da kamfanonin suke, ko da yake irin wannan buƙata takan ɗauki watanni, bayanan shiga asusu kuwa ba a ajiye su har abada.

Saboda haka masu ba da shawara kan tsaro suke cewa kada a amsa irin wannan saƙo, kada kuma a goge shi, a sauke kwafinsa na asali tare da kansa a ajiye a wani wuri dabam kafin a toshe mai aikawa ko a kai rahoto. Dalilin gaggawar yana cikin tsarin akwatin kansa, domin a Gmail saƙon da aka yi wa rahoton shara, da duk wanda ya biyo baya daga adireshin da aka toshe, jakar shara suke tafiya, ita kuwa tana share abin da ya kwana 30 a cikinta ba tare da ta tambayi kowa ba.